Ba Gajiya

Gaisuwar Bahaushe ba ta barin wurin kuka. In an ce maka "Ina gajiya?" amsar da aka tanadar maka ita ce "Ba gajiya," ko da yanzu ka sauke buhun masara daga ka. In an ce "Yaya gida?" sai ka ce "Lafiya lau," ko da akwai mara lafiya kwance a ɗaka. Ba wanda ke ɗaukar wannan ƙarya, domin kowa ya san gaisuwa ƙofa ce. Sai an shiga an zauna, an sha ruwa, sannan labari kan fito. Damuwar tana zuwa ne in zaman bai samu ba, gaisuwar ta zama ita ce hirar gaba ɗaya. Haka kuwa wayar ɗalibin jami'a da gida take yawan kasancewa: minti biyu ko uku, kati na shirin ƙarewa, uwa na tambayar karatu, ɗa na cewa alhamdulillahi.

Ɗalibin da nake nufi shi ne wanda ba a taɓa shiga jami'a a gidansu ba sai a kansa. Ubansa manomi ne, ko tela, ko ɗan kasuwa mai tebur. Uwarsa na sayar da ƙuli-ƙuli ko tana kitso a cikin gida. Ranar da sunansa ya fito, har maƙwabta sun shigo barka. Tambayar da nake so mu duba a kansa ita ce: wanda danginsa suka haɗa ƙarfi suka ɗaga, yana da ikon cewa ya gaji? In karatun ya fara cin lafiyar ƙwaƙwalwarsa ya yi shiru don kada ya ɓata wa iyaye rai, haƙuri ya yi, ko kuwa ya zalunci kansa ya kuma zalunce su?

Irin wannan ɗalibi yana da yawa a Arewa, kuma tarihi ne ya sa haka. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1920, kuma 'ya'yan sarakuna da na malamai ne suka fi samun shiga. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita ce ta farko a Arewa, sai a 1962 aka buɗe ta. Ta Sakkwato da ta Maiduguri a 1975. Shirin firamare kyauta ga kowa na UPE ya fara a 1976. Ke nan akwai gidaje birjik da uban gida ya tsaya a firamare ko bai ma shiga ba, ɗansa kuma yana Samaru yana karatun harhaɗa magunguna. Ba a ce gidajen nan babu ilimi ba. Wani gidan an yi ƙarni ana sauke Alƙur'ani a cikinsa, ana karanta Ahalari da Iziyya, ana rubuta wasiƙa da ajami. Abin da babu shi ne wanda ya san yadda jami'a take daga ciki. A Amurka jami'o'i da dama sun ware ofis da shirye-shirye musamman don irin waɗannan ɗalibai. A nan kuwa ko sunan da za mu kira su da shi ba mu tsayar ba.

Kayan da ke kan ɗalibin nan iri-iri ne, na farko kuma shi ne sanin inda kuɗinsa ya fito. Ɗan mai hali in an turo masa kuɗi, lamba ce ta shigo waya. Shi kuwa wannan ya san fuskar kowace naira: wannan kuɗin tunkiyar Inna ne, wannan kwasar adashinta ce, wannan na yayansa ne da ke tuƙa A Daidaita Sahu, wanda shi ma ya so karatun amma bai samu ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, a shekarar kuma jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista, wasu fiye da ninki biyu. Tun kafin ya gama aji ɗaya ma an riga an naɗa masa sarauta a unguwa: Likita, Barista, Injiniya. Ana faɗa cikin raha da ƙauna, shi kuwa kowane kira tuni ne a gare shi cewa an riga an ci kasuwar abin da bai kawo ba tukuna.

Kaya na biyu shi ne rashin wanda zai tambaya. Jami'a tana da dokokin da aka rubuta, tana kuma da waɗanda ba a rubuta ba, kuma na biyun sun fi kayar da mutum. Yadda ake lissafin maki har ya zama matakin digiri, abin da faɗuwa a darasi ɗaya a aji ɗaya ke yi wa sakamakon shekara huɗu, yadda ake shiga ofishin malami a roƙi bayani, cewa akwai halin a nemi ɗage zangon karatu saboda rashin lafiya ba tare da an kori mutum ba: ɗan malamin jami'a ya ji duk wannan a gaban kwanon tuwo tun yana yaro. Wanda ya fara fita kuwa sai ya faɗa rami yake sanin akwai rami. Ga Turanci, wanda ya iya rubutawa amma yake jin nauyin furtawa a gaban aji. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a makarantar garinsu sai ya wayi gari yana tsakiya ko ƙasa, ya fara raya wa ransa cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi, kuma wata rana asirinsa zai tonu. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun bayyana wannan hali a 1978, bayan sun lura da shi a wurin matan da suka yi fice a karatu da aiki amma suke ganin nasararsu sa'a ce kawai.

Na uku ya fi wuyar faɗa. In ya dawo hutu, sai ya tarar gida ya ɗan canza masa, alhali shi ne ya canza. Abokan da suka taso tare sun yi aure ko sun kama sana'a, hirarsu da tasa ta fara rabuwa. In ya gyara wa wani magana a ce boko ya hau masa kai. In ya yi shiru a ce ya fara girman kai. A makaranta ɗan ƙauye ne, a ƙauye ɗan boko. Marubucin Ingila Richard Hoggart, wanda shi ma ɗan talakawa ne da karatu ya ɗaga, ya yi bayanin irin wannan yaro a littafinsa na 1957: ya bar gidan iyayensa da ƙafar karatu, bai kuma zama cikakken ɗan gida ba a inda ya je. Abin da ya gani a Leeds yana nan a Gumel da Argungu.

Ba kowace damuwa ce ciwo ba, kuma yawancin ɗaliban nan suna shan wuya su gama lafiya. Amma akwai inda damuwa ke tsallaka iyaka. Likitoci suna kallon mutumin da ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin duk abin da a da yake so, tare da lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Wannan shi ake kira ciwon damuwa, kuma yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararre ko shan ƙwaya ko duka biyun. An kuma san cewa yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara bayyana ne kafin mutum ya kai shekara 25, wato daidai shekarun jami'a. Muguntar ciwon ga ɗalibi ita ce yana kama makamin aikinsa. Zai zauna da littafi awa uku bai riƙe layi ɗaya ba, sai maki ya faɗi, faɗuwar makin ta ƙara masa ciwon, ciwon ya ƙara kayar da makin. Daga nan wani ya koma shan maganin tari mai kodin ko tiramadol don ya samu barci ko ƙarfin karatu, wani ya daina shiga aji amma ya ci gaba da karɓar kuɗin makaranta daga gida, domin bai san da wane baki zai faɗa ba.

To, mu koma ga tambayar. Akwai masu cewa yaron nan bashi ne a kansa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Manomi da mai sana'ar hannu ba su da fansho. 'Ya'yansu ne fanshonsu. Kuɗin da aka kashe wa ɗaya, an hana wa wasu ne: ƙanwa ta tsaya a sakandare, an ɗage gyaran ɗakin da ke yoyo, uba ya haƙura da zuwa asibiti. In bayan duk wannan yaro ya ce shi ransa ba ya masa daɗi, zai ajiye, ina adalci ga waɗanda suka haƙura dominsa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Masu wannan ra'ayi suna kuma tsoron wata koyarwa da ke yawo a intanet, wadda ke ce wa matashi ya fifita kansa a kan kowa, ya yanke duk wata alaƙa da ke yi masa nauyi. Suna da gaskiya su ji tsoronta. Mutumin da aka ɗauka a kafaɗa har ya hango nesa, bai kamata ya sauko ya ce kafaɗar ce ke damunsa ba.

Sai dai in muka kira abin bashi, ya kamata mu auna shi da ma'aunin bashi. Bashi yana da adadi, yana da ranar biya, kuma mai ci ya san sharaɗin kafin ya karɓa. Abin da ke kan ɗalibin nan ba shi da ko ɗaya. Nawa ne? Kuɗin da aka kashe ne, ko karatun ƙannensa biyar, ko ginin gida, ko kujerar Makka ta iyaye? Yaushe za a ce ya gama biya? Yaro ɗan shekara 18 da aka ce ya tafi Zariya bai zauna da kowa an yi ciniki ba. Bashin da ba shi da adadi ba ya biyuwa, wanda kuwa ke ɗauke da bashin da ba ya biyuwa kullum a mai laifi yake, ko me ya kawo. Akwai kuma wani abu. Mai bin bashi ruwansa da kuɗinsa, ba ruwansa da yadda ka kwana. In muka ce tsakanin uwa da ɗanta bashi ne, mun mai da ita mai bin bashi, alhali da za a tambaye ta ta zaɓa tsakanin kwalin digiri da ran ɗanta, ba za ta tsaya tunani ba. Kalmar bashi tana ƙasƙantar da iyayen fiye da yadda take ɗaure yaron.

Kalmar da ta fi dacewa, a ganina, ita ce amana. Wanda aka ba amana ana tambayarsa kulawar da ya yi, ba a kama shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Makiyayin da aka ba kiwo, in ya yi sakaci shanu suka shiga gonar mutane, da laifinsa. In annoba ce ta faɗa wa garke, ba mai hankalin da zai ce ya biya. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya zo da wuri ya faɗa, tun ana iya ceton sauran. Iyayen da suka yi noma sun fi kowa sanin wannan, domin sun sha zuba iri da taki da ƙarfinsu, damina ta yi gardama. Amanar ɗalibi ita ce ya yi iya ƙoƙarinsa, kada ya yi wasa da guminsu, kada kuma ya manta da su in ya samu. Sakamakon kansa ba a hannunsa kaɗai yake ba. Kuma cikin kayan amanar har da shi kansa, domin jarin da dangi suka zuba, a jikinsa da hankalinsa suka zuba shi. Ɗalibin da ya bar ciwo ya cinye shi a ɓoye don ya tsare amana, ya salwantar da babban abin da aka ba shi ajiya.

Za a ce, to, ai shirun nasa tausayi ne. Uwa tana da hawan jini, uba na fama da neman na cefane, me zai ƙara musu in ban da tashin hankali, tunda ba abin da za su iya yi? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tarbiyyarmu ma ta goyi bayan haka. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki a 1974, cikin halaye goma da ya lissafa akwai haƙuri da kunya, kuma su biyun ne ke rufe bakin yaron nan. Namiji ba ya raki. Ɗa ba ya buɗe cikinsa a gaban ubansa. Wanda aka yi wa gata ba ya ƙorafi.

Amma a jerin nan guda akwai gaskiya da amana da hankali, kuma ba a ce a ɗauki biyu a zubar da sauran ba. Haƙuri shi ne mutum ya daure wa abin da ba shi da makawa ba tare da ya yi butulci ko ya fid da rai ba. Wanda ƙafarsa ta karye ya ƙi zuwa wurin maɗori yana cewa haƙuri yake yi, ba wanda zai yaba masa. Waɗanda ke ce wa mai ciwon damuwa imaninsa ne ya yi rauni, su tuna cewa Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Malaman Musulunci na da ma ba su ɗauki abin da wasa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, kamar yadda ba wanda ke ganin mai ciwon sukari ya raina addu'a don ya je an auna jininsa.

Akwai kuma abin da ke ɓoye a cikin wannan tausayi wanda ya kamata ɗalibi ya duba da kyau. In ya ce "ba za su gane ba," ya yanke wa iyayensa hukunci ke nan ba tare da ya saurare su ba, kuma wani lokaci ƙaramin raini ne irin na ɗan boko ya sa rigar tausayi. Matar da ta binne 'ya'ya biyu, ta zauna da kishiya, ta ga shekarar fari, ba ta san sunan ciwon da Turanci ba, amma ta san daren da ba a barci. Shirun yana kuma ƙwace musu wani haƙƙi, wato damar su tsaya wa ɗansu a ranar da ya fi buƙatarsu. Labarin da aka ɓoye ba ya mutuwa, jira yake yi, kuma yakan iso gida a mafi munin kama: takardar kora, ko kiran waya daga asibiti. Iyayen da suka ji a ranar, bayan baƙin ciki, sai sun tambayi kansu me ya sa ɗansu bai yarda da su ba.

Ban ce kowane gida faɗar gaskiya ke da sauƙi ba. Akwai uban da zai ce sangarta ce. Akwai dangin da za su ce sammu ne ko iska, su ɗora wa kishiya ko maƙwabci, a yi ta yawon gidajen masu magani har ciwon ya yi nisa. A Kano in an ce za a kai mutum Dawanau, kowa ya san abin da ake nufi, kuma tambarin hauka in ya manne wa gida yakan shafi har auren ƙannen mutum. Tsoron yaron yana da tushe. Abin da wannan ke nunawa shi ne a zaɓi hanya da lokaci, kuma al'adarmu ta riga ta tanadi hanyar. Bahaushe ba ya tunkarar ubansa da babbar magana kai tsaye. Yakan bi ta wurin kawu, ko gwaggo, ko aminin uba, ko malamin da ake jin nauyinsa. Yadda ake aika manya neman aure, haka za a iya aika babba ya ce, "Yaron nan ba shi da lafiya, likita ya gan shi, ga abin da ya ce." Ba dole ne kowa ya ji komai a rana ɗaya ba. Abin da bai halatta ba shi ne a ce duk duniya babu mutum ɗaya da ya sani. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, maganarsa ta wuce jiran lokacin da ya dace. A ranar ya kamata ya gaya wa wani, a kai shi ga likita.

Ɗaliba mace tana ɗauke da duk wannan da ƙari. Sau da yawa sai da aka yi gardama a dangi kafin a bar ta ta tafi, wani ya tsaya mata, wasu suka ce za a gani. Saboda haka ba kanta kaɗai take wakilta ba; in ta faɗi, an rufe ƙofa ga ƙannenta mata da 'ya'yan maƙwabta, an kuma kunyata wanda ya tsaya mata. In wani malami ya matsa mata da neman lalata, ko wani abu ya same ta a hanya, tana sane cewa faɗa a gida na iya zama ƙarshen karatunta, sai ta haɗiye. Dangin da ke son 'yarsu ta riƙa gaya musu gaskiya, sai sun fara tabbatar mata cewa gaskiyar ba za ta zama dalilin dawo da ita gida ba.

Duk wannan muhawara tsakanin ɗa da iyaye tana iya mantar da mu wani na uku da ya kamata a kira gaban shari'a. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka yi a 2020 da ya ci mafi yawan shekarar. Ɗan mai kuɗi ya koma jami'a mai zaman kanta ko ya fita waje. Ɗan talaka ya koma gida ya zauna, kuɗin hayar ɗakin da aka biya ya tafi a banza, mutanen unguwa na tambayarsa ko har yanzu bai gama ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun yi kaɗan ga yawan jama'ar da suke yi wa aiki, likitocin fannin a duk Nijeriya kuma 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata ba tare da ruwa ba, kuma wannan bashi ne na gaskiya, mai adadi da lokacin biya, wanda ya fi sauƙin ɗauka a zuciya fiye da kuɗin tunkiyar Inna. Amma kuɗi kaɗai ba ya koya wa yaro hanya. Jami'ar da ta karɓi ɗalibi ta san ko akwai wanda ya yi karatu a gidansu in ta so ta sani. Tambaya ɗaya ce a takardar rajista. Haɗa sabon shiga da ɗan aji uku da ya fito daga irin gidansu, da sanar da kowa tun makon farko inda ofishin ba da shawara yake da yadda ake ɗage zango saboda rashin lafiya, ba abin da zai gagari kowace jami'a ba ne. In hukuma ta bar aikinta, nauyin ba ya ɓacewa, kan yaro ɗan shekara 19 yake komawa, shi kuma ya ɗauka gazawarsa ce.

Ko an gyara duk wannan, akwai ragowar da ba ta gyaruwa, kuma gara a faɗa wa ɗalibi ita tun da wuri. Jennifer Morton, malamar falsafa haifaffiyar Peru wadda ita ma ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu, ta yi bayani a littafinta na 2019 cewa mai hawa sama ta hanyar karatu yana biyan wani farashi da ba na kuɗi ba: kusanci da dangi, abota, zama cikin jama'arsa. Albashin da zai samu daga baya ba ya mayar da waɗannan, domin ba irinsu ɗaya ba. Kakar da ta rasu yana ɗakin jarrabawa ba za ta dawo ba ranar da ya sayi mota. Wanda ya ji zafin wannan rashi ba butulu ba ne, ba kuma rago ba. Ya san darajar abin da ya bari ne. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ke Zariya ba ta Gumel. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓa da idonsa buɗe abin da zai iya bari da abin da ba zai bari ba ko da maki zai ragu.

Amsata ga tambayar ke nan: yana da ikon cewa ya gaji, kuma in gajiyar ta zama ciwo, faɗar ta zama wajibi a kansa, domin tana cikin amanar. Amma wajibin ba a kansa kaɗai yake ba. Mai son a gaya masa gaskiya sai ya sauƙaƙa faɗarta. Uba ko yaya ko kawun da ke biyan kuɗin makaranta zai iya jinkirta kiran yaro Likita har sai ya zama likitan. Zai iya tambayarsa ko yana samun barci, da wa yake cin abinci, wane darasi ne ke ba shi wuya, maimakon tambayar yaushe zai gama. Zai iya gaya masa sau ɗaya, a fili, tun kafin ya hau mota, cewa in abu ya ɓaci ya dawo gida ya faɗa, ba za a kore shi ba. Yaran da yawa ba su taɓa jin wannan daga bakin iyayensu ba, alhali iyayen haka abin yake a ransu, kunya ce kawai ta hana su furtawa. Waɗanda kuma suka riga suka bi hanyar suka fita, yanzu suna ofis ko suna koyarwa, akwai wani yaro daga garinsu da ke aji ɗaya a bana, yana tsaye a bakin ofishin rajista bai san wa zai tambaya ba. Lambar wayarsa ba ta da wuyar samu.